Idan Monita Ta Ƙi Farkawa

Bwari ƙaramin gari ne, amma kwamfutocin da ke cikinsa sun fi ƙarfin girmansa. A nan hedkwatar JAMB take, hukumar da aka kafa a 1978, wadda tun daga 2015 ta ajiye jarrabawar fensir da takarda, kowane ɗalibi sai ya zauna gaban kwamfuta. A nan Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya ta tare bayan ta baro Legas a 1997, ga kuma Jami'ar Veritas. Waɗannan wurare su suka haifi shagunan buga takardu da hoto-kwafi da ɗakunan koyon kwamfuta da ake gani jere a bakin titi, daga cikin gari har zuwa Dutse. Yawancin na'urorin da ke cikin shagunan nan tokumbo ne, Dell da HP da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka zo nan suka buɗe sabon shafi. Ni ma a cikin wannan harka abincina yake: ina da shagon buga takardu, da ɗaki a bayansa inda yara ke gwajin jarrabawa kafin ranar ta zo.

Ƙorafin da na fi ji, daga yaran shago da maƙwabta da masu kawo mini na gidajensu, guda ɗaya ne. An danna maɓalli, fanka ta tashi tana juyawa, ga wuta a jikin akwatin da muke kira CPU, amma monita baƙi ƙirin. Wani lokaci takan nuna “No Signal” ko “Entering Power Save Mode” na ɗan lokaci, sannan ƙaramar wutar da ke gefenta ta sauya daga kore ko shuɗi ko fari zuwa ruwan goro. Sai ka ji an ce, “Oga, sikirin ya mutu.” Wani ma kafin ya zo wurina har ya fara lissafin kuɗin mota zuwa Banex a Wuse 2 don sayen wata.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: monitar da ta nuna wutar ruwan goro galibi lafiyarta ƙalau. Da ta mutu, da ba ta iya rubuta maka komai ba, da ba ta iya sauya launin wutarta ba. Jira take yi. Idan ba ka ji kiran salla daga masallacin unguwa ba, ba ka fara yanke hukuncin lasifika ta ƙone; mai yiwuwa ladan ne bai iso ba, ko waya ce ta tsinke tsakanin makirfo da hasumiya. Monita ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka aiko mata shi take nunawa. A 1993 wata ƙungiyar masu ƙera kayan kwamfuta da ake kira VESA ta fito da ƙa'idar da ta tanadi cewa idan monita ta daina samun saƙo daga kwamfuta, to ta rage cin wuta ta kwanta. An yi hakan ne don tattalin lantarki, a zamanin manyan monitoci masu ƙeya da ke shan wuta suna fitar da zafi. Ƙa'idar tana nan har yau. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi ita ce: me ya hana saƙon isowa?

Gwajin farko ba ya buƙatar sikundireba. Zare wayar hoto daga bayan monita gaba ɗaya, ka bar ta wuta kawai, ka kashe ta ka sake kunnawa. Mai lafiya za ta nuna tambarin kamfaninta, ko wani ɗan akwati yana yawo a fuskarta yana cewa ba waya. Danna maɓallin da ke buɗe saitinta. Idan rubutu ya fito, to gilashinta da hasken bayanta da kayan wutarta duk suna aiki. Tun da ka buɗe saitin, ka duba ƙofar da take saurare. Monitoci da yawa suna da ƙofa biyu ko uku, kuma ba duka ne ke gano wadda aka jona da kansu ba. Yaro ɗaya mai ƙiriniyar danne-danne ya isa ya mayar da ita kan HDMI alhali wayarka a VGA take, ita kuma ta zauna tana jira a ƙofar da ba mai shigowa.

Sai waya. A nan nake daɗewa, don a shagunanmu ita ce ta fi wahala: a ja tebur, a take ta da kujera, mai shara ya fizge ta da tsintsiya. Wayar VGA, mai shuɗin kai da kusoshi biyu na murɗawa, tsohuwa ce, kamfanin IBM ya fito da ita tun 1987, amma har yau ita ke riƙe da yawancin ɗakunan kwamfuta a nan. Kanta yana da gurbin allurai 15 a layi uku. Zare shi ka haska da tocilar wayarka, ka dube su ɗaya bayan ɗaya. Na 1 da na 2 da na 3 su ke ɗauke da ja da kore da shuɗi; idan ɗayansu ya lanƙwashe hoto zai fito, sai dai launinsa ya gurɓace, komai ya koma ruwan hoda ko ɗorawa. Amma na 13 da na 14, da ke layin ƙasa, su ke ɗauke da saƙon da ke shaida wa monita cewa kwamfuta tana raye. Ɗaya daga cikinsu ya kwanta, monita ma ta kwanta. Allurar da ta lanƙwashe ana iya miƙar da ita a hankali da bakin biro wanda aka cire wa ruwa, amma sau ɗaya za ta yarda, a na biyu karyewa take yi. Kada kuma ka tsorata idan ka ga gurbi ɗaya a layin tsakiya babu allura. Wayoyi da yawa haka aka ƙera su.

HDMI da DisplayPort ba su da allurar da za ka miƙar, amma suna da nasu halin. Sun yi kama da juna, har mutum ya yi ta dannawa da ƙarfi yana neman cusa wannan a gurbin wancan. DisplayPort gefe ɗaya ne kawai aka yanke masa, kuma sau da yawa yana da ɗan makulli da sai an danna kafin a zare. Wanda bai sani ba yakan fizgo shi har ya ɓalle ƙofar. Akwai kuma 'yan na'urorin sauya ƙofa da ake sayarwa a kasuwa. Waɗannan hanya ɗaya suke bi. Wanda aka yi don ɗaukar hoto daga HDMI na kwamfuta zuwa VGA na monita ba zai yi aiki idan aka juya shi ba, ko da kawunan sun shiga daram. Hanya mafi sauƙi ta wanke waya daga zargi ita ce aron wata daga kwamfutar da ka tabbatar tana aiki.

Kafin ka bar bayan akwati, dubi inda aka soke wayar. Wasu kwamfutoci suna da ƙofar hoto a wuri biyu: ɗaya a sama tare da ramukan USB, wato ta madabod, babban allon da ke cikin akwatin, ɗaya kuma a ƙasa ita kaɗai, wato ta katin hoto da aka ƙara. Idan akwai katin, galibi kwamfuta takan rufe ta sama, hoto ya koma ta ƙasa. Wata hajiya da ta sa aka kwashe kayan ofishinta zuwa sabon shago ta aiko a kira ni, rai a ɓace, wai masu ɗaukar kaya sun fasa mata kwamfuta. Na leƙa baya na ce, “Hajiya, ba abin da ya fashe, ƙofa aka ɓata.” Na sauko da wayar ƙasa, hoto ya fito. Masu harhaɗa sababbi kuma su lura: furosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F ba ya fitar da hoto da kansa, dole sai da kati, ko da madabod ɗin yana da ƙofa.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma abin da ke raba ta shi ne daƙiƙun farko bayan an kunna. Zuba wa monita ido. Shin tambarin Dell ko HP ya fito kafin duhu ya biyo baya? Idan ya fito, to monita da waya da ƙofa duk sun fita daga zargi, matsalar tana cikin Windows. Wataƙila an taɓa jona majigi ko talabijin aka bar ta tana tura hoto can. Danna maɓallin Windows tare da P zai ba ka damar dawo da shi. A Windows 10 da 11, danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare yakan sa ta sake tayar da manhajar hoto, ka ji ɗan ƙara, fuskar ta ƙifta. Ko kuma an saita girman hoto fiye da abin da tsohuwar monita za ta iya ɗauka. Sai a jona wata babba a rage, a dawo da taka.

Idan kuwa ko tambari bai fito ba, to kwamfutar ba ta kai ga Windows ba sam. Ina so a ji wannan da kyau, don a nan ake cutar mutane. Duk wanda ya ce maka zai yi “fomatin” don gyara kwamfutar da ba ta nuna ko tambari, ko dai bai san aikin ba ko kuma aljihunka yake hange. Takardunka suna cikin hadis, wato ma'ajiyar kwamfutar, kuma a wannan mataki ba a ko taɓa shi ba. Na ga ɗaliba tana hawaye a shagona saboda an goge mata aikin da ta yi watanni tana rubutawa, alhali abin da ya hana kwamfutarta tashi ƙura ce kawai. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da ke faruwa a waɗannan daƙiƙu shi ne, da zarar wuta ta shiga, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin madabod, BIOS, takan bi kayan ciki ɗaya-ɗaya tana dubawa: furosesa, ram, sashen hoto. Sai sun amsa sannan ta aika hoto waje. Idan ɗaya ya ƙi amsawa, nan za ta tsaya, fanka tana ta juyawa, monita tana ta jira. Kana iya gane hakan daga kibod: danna Caps Lock ko Num Lock. Idan ƙaramar wutarsu tana kamawa tana mutuwa, kwamfuta ta wuce binciken. Idan ba motsi, a can ta maƙale. Kuma da yake ba ta da fuskar da za ta yi maka bayani, takan yi magana da ƙara ko da ƙiftawar wuta. Tsofaffin HP Compaq na ofis, idan suka yi ƙara sau 5 tare da ƙiftawar jar wuta, ram suke nufi. Sau 6 kuma sashen hoto. Tsofaffin Dell OptiPlex suna da lambobi 1, 2, 3, 4 a gaba da ke kamawa iri-iri, na baya-bayan nan kuma maɓallin kunnawa ne ke ƙiftawa rukuni-rukuni. Ƙirga abin da ka gani ka rubuta, ka nemi ma'anarsa a littafin samfurin, domin kowane samfuri da nasa harshen.

Kafin ka kwance komai, yi wannan. Zare wayar wuta daga bayan akwati, ka cire duk abin da ke jone, firinta da filash da sauransu, sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta taru a ciki. Bayan an yi ta ɗauke wuta ana kawowa, ko an juya daga wutar gari zuwa janareto kwamfuta tana kunne, sau da yawa wannan kaɗai ke tayar da ita.

Idan bai yi ba, sai a buɗe murfi, kuma wanda na fi zargi shi ne ram. Wani siririn allo ne mai haƙoran zinari a ƙasa, an dasa shi a tsaye cikin dogon rami, ƙugiya biyu suna riƙe da shi. Yanayinmu ba ya raga masa. Da hunturu ƙura mai laushi tana shiga ko'ina, fanka kuma zuƙo ta take yi. Da damina ta sauka, danshin Bwari ya haɗu da wannan ƙura ta daskare a kan haƙoran. Zafi da sanyi kuma suna sassauta shi a raminsa. Ga yadda nake yi. Na tabbatar wayar wuta a zare take, na taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannu don sauke wutar jiki, wadda da hunturu takan taru har ka ji ta ɗan tsakure ka idan ka taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe ram. Na buɗe ƙugiyoyin biyu, ya ɗago da kansa, na riƙe shi ta gefe. Sai na ɗauko farar kilina irin ta 'yan makaranta na goge haƙoran ciki da baya, har dusu-dusun ya tafi zinarin ya fito. Na kaɗe ɓurɓushin da busasshen buroshi, na hure ramin da na'urar hura iska, ba da baki ba, don yawu na biyo numfashi. Wajen mayarwa, akwai wata tsaga a tsakanin haƙoran da dole ta dace da ɗan tudun da ke cikin ramin. Tsagar DDR3 da ta DDR4 ba wuri ɗaya suke ba, don haka ba a tilasta shi. Na danna gefe biyu da manyan yatsu har na ji ƙas, ƙugiyoyin sun rufe da kansu. Idan ba ka ji wannan ƙas ɗin ba, bai zauna ba. In ram ɗin biyu ne, gwada da ɗaya, sannan ɗayan, sannan ka sauya rami. Haka ake gane ko allon ne ya lalace ko ramin. Katin hoto ma haka ake yi masa, ko a cire shi gaba ɗaya a gwada ƙofar madabod.

Kusa da nan za ka ga wani batir zagayayye kamar kwabo, an rubuta CR2032 a kansa. Bolt 3 ne, shi ke riƙe wa BIOS saiti da agogo lokacin da babu wuta. Kwamfutar tokumbo ta riga ta sha shekaru kafin ta iso gare ka, batirin nan kuwa ba wanda ya tuna da shi. Yakan ba da sanarwa kafin ya mutu: kwanan wata ya riƙa komawa baya duk safiya, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna ƙorafin tsaro, abin da ke tayar wa masu shagon rajista hankali a lokacin da layi ya fi tsawo. Idan ya ƙare sarai, wasu kwamfutocin sukan rikice su ƙi nuna komai. Cire shi na 'yan mintuna yana mayar da saiti yadda aka ƙera shi, sabo kuma ana samunsa wurin masu gyaran agogo da masu batirin makullin mota.

Fawa-fak, wato akwatin ƙarfen da wayar wuta ke shiga, shi ne na gaba. Juyawar fanka ba shaida ba ce cewa yana lafiya, domin yana fitar da wuta iri uku, bolt 12 da 5 da 3.3, ɗaya na iya raunana sauran suna aiki. Duba manyan wayoyinsa biyu da ke shiga madabod: mai faɗin nan, da ƙaramar mai baki 4 ko 8 da ke kusa da furosesa. Wanda ya buɗe don shara ya manta bai mayar da ƙaramar ba, zai ga fanka na gudu, hoto babu. Wasu tsofaffin kuma suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120. Wanda ya sayo kwamfutar da ta fito daga can ya duba wannan maɓalli tun kafin ya soka ta a bango, in ba haka ba ƙara ɗaya zai ji da warin ƙuna. Shi fawa-fak ba a buɗe shi a gida. Yana riƙe wutar da za ta iya yi wa mutum illa ko bayan an zare shi, gwajinsa shi ne a sa wani a gani.

Ba na cewa monita ba ta lalacewa. Tana yi, amma alamunta daban ne. Ba za ta nuna komai ba ko an zare mata wayar hoto. Ko wutarta ta riƙa ƙiftawa tana ɗan ƙara, ta ɗauki mintuna kafin ta kama, kullum lokacin yana ƙaruwa; wannan yawanci kafasitocin sashen wutarta ne suka kumbura, kuma mai gyaran talabijin na unguwa zai sauya su da kuɗin da bai kai kusa da na sabuwa ba. Ko hoto ya fito na daƙiƙa biyu ya ɓace alhali wutar gefe tana nan kore. A nan ka kashe fitilar ɗaki ka manna tocila a gilashin ta gefe; idan ka hango hoton dishi-dishi a ciki, hasken baya ne ya mutu, shi ma ana gyarawa. Masu amfani da adafta a waje kuma a duba lambar da ke jikinsa, don wasu 12 suke ci, wasu 14, wasu 19, kuma a shago mai monita da yawa adafta na saurin musanyuwa.

Doka ɗaya nake kafa wa yaran da ke koyon aiki a wurina: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a kunna a gani, sannan a wuce na gaba. Wanda ya sauya waya ya goge ram ya cire batir a zama ɗaya, ko kwamfuta ta tashi bai san me ya gyara ba, kuma ranar da ta sake yi daga farko zai fara. Sauran kuma kiyayewa ce. A ɗaga akwati daga ƙasa, a rufe shi da ƙyalle idan an tashi, a hure ƙura bayan hunturu. Mai hali ya sa UPS ko sitabilaiza. Idan za a juya zuwa janareto a kashe kwamfutoci tukuna, a bar inji ya daidaita. Idan hadari ya haɗo ta kan duwatsun nan ana tsawa, a zare daga bango.

Wanda ya bi duk wannan bai dace ba, to lokacin mai gyara ya yi, domin abin da ya rage madabod ne ko furosesa. Ka tafi da akwatin da wayar hoton da kake amfani da ita, ka gaya masa abin da ka gwada da yawan ƙarar da ka ji, ka ce masa kada ya taɓa hadis. Idan ya ce ga abin da ya lalace, ka roƙe shi ya sa wani a gabanka ka ga hoto ya fito, ya kuma ba ka tsohon ka tafi da shi.